Rana Ba Ta Karɓar Kuɗin Ruwa

A daren Asabar, 13 ga Nuwamba, 2021, na zauna gaban kwamfuta ina kallon zaman ƙarshe na taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Glasgow, wanda ake kira COP26. An riga an wuce ranar da aka tsara rufe taron, wakilai sun gaji, wasu ma jiragensu na jira. Sai ministan muhalli na Indiya, Bhupender Yadav, ya nemi izinin magana, ya karanto gyaran da ƙasarsa take so a yi wa daftarin: inda aka rubuta cewa za a kawo ƙarshen amfani da kwal, a mayar da shi za a rage amfani da shi. Ƙasar Sin tana tare da shi a kan haka. Wakilan Suwizalan da na ƙananan tsibirai suka nuna ɓacin ransu, amma babu wanda ya so a watse ba tare da matsaya ba, don haka aka haɗiye. Shugaban taron, Alok Sharma na Birtaniya, ya ba da haƙuri kan yadda lamarin ya kasance, muryarsa ta sarƙe, ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci har sai da zauren ya ɗauki tafi kafin ya iya ci gaba.

Na kashe kwamfutar a wannan dare raina a jagule, ina ganin an yi wa duniya sakiyar da ba ruwa. Shekarun da suka biyo baya sun sauya mini tunani. Har yanzu ina ganin gyaran da aka yi abin takaici ne, sai dai na fahimci cewa na zuba ido a inda ba nan ne ake yanke hukuncin ba. Makomar kwal ta fi rataya a kan farashin abin da zai maye gurbinsa, da kuma sharuɗɗan rancen da za a sayi wannan abin da shi, fiye da yadda ta rataya a kan kalma guda a cikin takarda.

Asalin matsalar sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin samaniya ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. A lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ta kai kusan 315, yanzu kuwa ta haura 420. Wannan iska tana riƙe zafin da ya kamata ya koma sama, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga makamashi yake fitowa, wato daga ƙona kwal da man fetur da iskar gas a tashoshin lantarki da masana'antu da ababen hawa da gidaje. Saboda haka duk wata magana ta shawo kan sauyin yanayi, idan aka bi ta zuwa tushe, magana ce ta yadda mutane fiye da biliyan 8 za su samu wuta da sufuri da ƙarfe da siminti ba tare da ƙone-ƙone ba.

Ƙasashe sun fara zama kan wannan a Rio de Janeiro a 1992. A 1997 aka ƙulla yarjejeniyar Kyoto, wadda ta ɗora wa ƙasashe masu arziki wajibcin rage hayaƙi, amma Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba, Kanada kuma ta fice daga baya. Taron Kopenhagen na 2009 ya tashi baram-baram, in ban da alƙawarin da manyan ƙasashe suka ɗauka na tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 a kowace shekara nan da 2020, alƙawarin da zan dawo kansa. Sai a watan Disamba na 2015 aka cimma yarjejeniyar Paris, inda aka amince a tsayar da ƙaruwar zafin duniya ƙasa da digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, a kuma yi ƙoƙarin kada ya wuce 1.5. Dabarar Paris ita ce a bar kowace ƙasa ta rubuta wa kanta abin da za ta iya, ta sabunta shi duk bayan shekara biyar. Babu tara, babu ɗan sanda. Kunyar idon duniya ce kawai takunkumin.

Yayin da ake waɗannan tarurruka, wani abu yana gudana a gefe wanda bai samu rabin hankalin 'yan jarida ba. A shekarar 2000 majalisar dokokin Jamus ta zartar da wata doka kan makamashin da ake sabuntawa, wadda 'yan majalisa irin su Hermann Scheer da Hans-Josef Fell suka tsaya tsayin daka a kanta. Abin da dokar ta ce mai sauƙi ne: duk wanda ya kafa farantin sola ko injin iska, ko manomi ne a kan rufin rumbunsa, dole kamfanin rarraba wuta ya sayi abin da ya samar a kan farashi tsayayye mai tsoka, har tsawon shekara 20. A wancan lokaci wutar sola tana da ɗan karen tsada, kuma Jamus ƙasa ce da rana ke yi mata rowa a watannin sanyi, shi ya sa da yawa suka ɗauki abin wauta. Talakawan Jamus ne suka biya kuɗin, ta hanyar ƙari a kan takardar kuɗin wutarsu, kuma sun yi ta gunaguni, gunagunin da ban ga laifinsa ba.

Amma kasuwa ta buɗe. Da masu masana'antu a Sin suka ga akwai mai saye tabbatacce, sai suka shiga ƙera farantan, gwamnatinsu kuma ta mara musu baya da filaye da rance mai sauƙi. Ita sana'ar ƙira tana da wata ɗabi'a: duk lokacin da yawan abin da aka ƙera ya ninka, farashinsa yakan faɗi da wani kaso, domin hannu ya saba, an gano inda ake ɓarna, an ƙera injuna mafi kyau. A harkar sola, kowane ninki yakan zo da ragin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da aka yi ta ninkawa, sai ga kuɗin samar da wuta daga manyan gonakin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023, batiran litiyom ma suka bi sahu da kwatankwacin haka. Kamfanonin Jamus da suka fara sana'ar da yawansu sun durƙushe a gasar, kuma a yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera farantin sola a Sin ake yin sa. Babu wani taro da ya tsara wannan haɗin gwiwa, babu wanda ya sa hannu a kai, amma a ganina shi ne aikin haɗaka mafi girma da ƙasashe suka taɓa yi wa yanayi.

Na taɓa tsayawa na ƙare wa farantin sola kallo na tsawon lokaci, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirunsa. Gilashi ne a sama, a ƙarƙashinsa jerin ƙananan murabba'ai masu duhu, da siraran layuka na azurfa da suka ratsa su kamar zare. Babu abin da ke juyawa, babu ƙara, babu wari. Haske ya faɗo kan silikon, ya zaburar da ƙwayoyin lantarki, su kuma layukan su kwashe su zuwa waya. Na farkonsa mai amfani a ɗakin binciken Bell na Amurka aka ƙera shi a 1954, yana juya kashi 6 cikin ɗari kacal na hasken da ya same shi, kuma tsadarsa ta sa taurarin ɗan'adam ne suka fara cin moriyarsa. Na kasuwa a yau ya wuce kashi 20, yana kuma aiki shekara 25 ko fiye, abin da yake nema kawai a riƙa share masa ƙura.

Sakamakon wannan arha ya fara bayyana a wuraren da ba a zata ba. Birtaniya, inda aka kunna tashar lantarki mai aiki da kwal a Landan tun 1882, ta rufe tasharta ta ƙarshe ta Ratcliffe-on-Soar a ranar 30 ga Satumba, 2024. Sin ta yi alƙawarin kafa tashoshin sola da iska masu ƙarfin gigawat 1,200 nan da 2030, ta cika shi a 2024, saura shekara shida. Misalin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Pakistan, wadda ta shigo da farantai na kusan gigawat 17 a shekarar 2024 kaɗai. Ba wani shirin ƙasa da ƙasa ne ya kawo su ba. Masu masaƙu da manoma masu ban ruwa da magidanta ne suka gaji da tsadar wutar gwamnati da yawan ɗaukewarta, suka yi lissafi, suka ga faranti ya fi musu. Mafi yawansu ba don yanayi suka saya ba, kuma wannan shi ne ya sa abin ya yi ƙarfi.

Kada mai karatu ya ɗauka na ce an gama. Har yanzu kusan kashi 80 cikin ɗari na makamashin da duniya ke amfani da shi daga kwal da mai da gas yake fitowa, domin lantarki yanki ne kawai na buƙatar, ga jiragen sama da na ruwa, ga narka ƙarfe da gasa siminti da haɗa takin zamani, waɗanda sauya su ke da wuya. Sin ɗin nan da ke kan gaba a sola ita ce ke ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye alƙaluma, kuma ita ce ta farko da matsakaicin zafinta ya haura digiri 1.5 sama da na kafin masana'antu, kamar yadda Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar. Sabon makamashi yana ƙaruwa da gudu, amma buƙata ma tana ƙaruwa, don haka a wurare da yawa ƙari ya zama a kan tsohon, bai kai ga tumɓuke shi ba tukuna. Akwai kuma batun dare da ranakun da iska ta kwanta, wanda ke buƙatar batira da dogayen layukan dakon wuta, su kuwa layukan nan sukan ci shekara goma kafin a gama neman izini da gini. Ga ma'adinai: kusan kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya, ma'adinin da ake sawa a batira, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, wani ɓangare da hannu, a ramukan da ba su da kariya, kuma kalmar "tsafta" tana yi mini nauyi a baki idan na tuna da haka, ko da yake batiran da ba sa buƙatar kobal suna ƙara yawa.

To amma babban abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin ruwa. Tashar gas ko ta kwal tana da sauƙin gini idan aka kwatanta, sannan a yi ta sayen abin ƙonawa muddin tana aiki. Gonar sola akasin haka take: kusan dukkan kuɗinta a ranar farko ake biya, bayan nan rana ta yi ta aiki kyauta. Ma'ana, wanda ya gina gonar sola ya sayi wutar shekara 25 ne a dunƙule, kuma da yake kusan kowa da bashi yake gini, farashin wutarsa ya dogara ne kan ruwan da aka ɗora wa bashin. Bari in ba da misali na lissafi kawai. A ce gona biyu iri ɗaya, kowacce ta ci dala miliyan 100, za a biya cikin shekara 20. Wadda aka ba rance a kan ruwa kashi 4 za ta riƙa biyan kimanin dala miliyan 7.4 a shekara. Wadda aka ba a kan kashi 12 za ta biya kimanin miliyan 13.4. Faranti ɗaya ne, daga masana'anta ɗaya, amma wutar ta biyu ta kusa ninka ta farko tsada, ko da ranarta ta fi ƙarfi.

Wannan misali shi ne halin da ake ciki a zahiri. Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna cewa kuɗin samun jari don irin waɗannan ayyuka a ƙasashe masu tasowa ya ninka na ƙasashe masu arziki sau biyu, wani wurin har uku. A 2024 an zuba kusan dala tiriliyan 2 a makamashi mai tsafta a duniya, kusan ninki biyu na abin da aka zuba a mai da gas da kwal, amma kason Afirka bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, alhali nahiyar tana da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya, da kashi 60 cikin ɗari na wuraren da suka fi dacewa da sola, da kuma mutane kusan miliyan 600 da ba su da lantarki. Hayaƙin da take fitarwa daga makamashi bai kai kashi 4 cikin ɗari na na duniya ba. Masu ba da rance suna da hujjarsu: kamfanonin wuta na gwamnati da ba sa biyan bashi a kan lokaci, dokokin da ke sauyawa da sauyin gwamnati, da kuma faɗuwar darajar kuɗi, domin bashin da dala ake cin sa, wutar kuwa da kuɗin gida ake sayar da ita. Wasu daga cikin waɗannan laifin gwamnatocin ne, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba. Inda aka yi tsari mai kyau an ga aiki: Kenya tana samun kusan kashi 90 cikin ɗari na lantarkinta daga tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria da madatsun ruwa da injunan iska na tafkin Turkana, Maroko ta gina tashar sola ta Noor a Warzazat, Masar ta gina ta Benban kusa da Aswan. Dukkansu kuwa akwai hannun bankunan raya ƙasashe a ciki, waɗanda suka ba da rance mai rangwame ko suka tsaya a matsayin lamuni.

A nan ne alƙawuran kuɗi suke da muhimmanci, kuma a nan ne aka fi saɓa su. Dala biliyan 100 ɗin Kopenhagen ba ta cika a 2020 ba. Sai a 2022 aka kai adadin, in ji OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, kuma mafi yawan kason gwamnatoci rance ne, ba kyauta ba. A taron Glasgow ɗin da na fara da shi, Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Tarayyar Turai sun yi wa Afirka ta Kudu alƙawarin dala biliyan 8.5 don ta rabu da kwal cikin adalci, daga baya aka yi wa Indonesiya na biliyan 20, Biyetnam na biliyan 15.5, Senegal kuma na yuro biliyan 2.5. Da aka buɗe ƙunshin Afirka ta Kudu, sai aka tarar kyautar da ke ciki 'yar ƙalilan ce, sauran duk bashi. An rufe tsohuwar tashar kwal ta Komati a lardin Mpumalanga a 2022 da niyyar mayar da ita cibiyar sola da batira da koyar da sana'o'i, amma rufewar ta riga sababbin ayyukan zuwa, 'yan kwangila da masu ƙananan sana'o'in da suka dogara da tashar suka shiga wani hali, har hukumar shugaban ƙasa kan yanayi ta amince cewa an yi kuskure a jerin matakan. Duk ma'aikacin kwal a duniya da ya ji labarin Komati yana da dalilin ɗari-ɗari da kalmar adalci. A watan Maris na 2025 kuma Amurka ta janye daga waɗannan shirye-shirye, bayan Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan ficewa daga yarjejeniyar Paris karo na biyu a ranar da ya koma mulki. Ƙasar da ta fi kowa tara hayaƙi a tarihi ta fita a 2020, ta dawo a 2021, ta sake kama hanyar fita. Da wuya mai gina tashar shekara 25 ya yi lissafi da irin wannan abokin tafiya.

Duk da haka ba na cikin masu cewa tarurrukan ɓata lokaci ne. Adadin 1.5 bai shiga yarjejeniyar Paris ba sai da ƙananan tsibirai irin su Marshall da Maldibs suka nace, kuma babu wani zaure a duniya, in ba wannan ba, da muryar ƙasa mai mutum dubu arba'in za ta iya tsayar da manya. A taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna bayan shekara talatin ana roƙo. A Dubai a 2023, ƙarƙashin shugabancin Sultan Al Jaber, wanda shi ne kuma shugaban kamfanin mai na Abu Dhabi, aka rubuta a karon farko cewa duniya za ta juya baya ga makamashin ƙonawa, za ta kuma ninka ƙarfin makamashin da ake sabuntawa sau uku nan da 2030. Irin waɗannan kalmomi su ne ministan kuɗi ko shugaban banki yake kafa hujja da su idan ya koma gida. Shirin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na kai wuta ga mutum miliyan 300 nan da 2030, wanda shugabanni suka taru a kansa a Dar es Salaam a Janairun 2025, ya fi kusa da abin da nake ganin ana buƙata, domin ya haɗa rance mai rangwame da sharaɗin gyara kamfanonin wuta.

Shekara uku bayan Glasgow na sake kwana gaban kwamfuta, wannan karon ina kallon rufe taron COP29 a Baku na Azarbaijan, wanda kacokan a kan kuɗi aka yi shi. Ƙasashe masu tasowa sun je da buƙatar dala tiriliyan 1.3 a shekara, bisa lissafin da masana tattalin arziki suka gabatar. Abin da manyan ƙasashe suka amince su jagoranci tarawa shi ne biliyan 300 a shekara nan da 2035, daga gwamnatoci da bankuna da 'yan kasuwa a haɗe, tiriliyan 1.3 ɗin kuma aka bar ta a matsayin kira ga kowa da kowa. Can cikin daren Lahadi, 24 ga Nuwamba, 2024, shugaban taron Mukhtar Babayev ya buga guduma da sauri, kafin masu ƙorafi su samu damar magana. Cikin waɗanda suka karɓi makirufo bayan tafin ya lafa akwai wakiliyar Indiya, Chandni Raina, wadda ta ce kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma ƙasarta ba ta yarda da yadda aka zartar da shi ba. Ƙasar nan ce da na kwana ina jin haushinta a 2021. A wannan daren na saurare ta har ta gama, ina gyaɗa kai, sannan na ɗauko takarda na raba biliyan 300 da yawan mutanen ƙasashen da aka yi wa alƙawarin, waɗanda suka haura biliyan 5 ko da an cire Sin. Abin da ya fito bai kai dala 60 ga kowane mutum a shekara ba, kuma takardar ba ta faɗi nawa ne kyauta a ciki, nawa ne bashi ba.